Wasiƙu 64 a cikin akwatin marigayi: a buga ko a rufe?

Uwar Littattafai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ba gyaran labari na kawo ba, matsala ce ta hana ni barci. Wasunku sun san shekara biyu ke nan ina rubuta tarihin rayuwar wani bawan Allah da ya rasu, sananne a rubutu da siyasa. Kada a tambaye ni waye. 'Ya'yansa ne suka nemi in yi aikin, suka buɗe min takardunsa. Watan jiya babban ɗansa ya kawo min wani akwatin ƙarfe, ya ce takardun makaranta ne. Da na kai ƙasan akwatin sai ga wasiƙu 64 ɗaure da zare, duk rubutun mace ɗaya. Ba matarsa ba ce. Wata ce da ya nema shekara shida kafin ya yi aure, iyayenta suka hana.

Ga inda gizo ke saƙar. Ba wasiƙun soyayya zalla ba ne. Ita ce ke gyara masa rubutunsa na farko layi-layi. Sunan littafin da ya fito da shi duniya, ita ta raɗa. Na ga inda ta soke wanda ya zaɓa ta rubuta nata a sama. Ita ta hana shi barin karatu. Babu alfasha ko kaɗan. Sai dai uku na ƙarshe an rubuta su bayan kowannensu ya yi aure, kuma ko makaho ya shafa ya san zuciya ba ta huce ba.

Tana raye, ta haura saba'in, mijinta na raye, ga jikoki. Matar marigayin ma tana raye. 'Ya'yan sun ce in yi kamar ban gani ba. Mai buga littafin ya ce babin nan ne zai sayar da shi. Ni kuma in na cire ta, na san ƙarya na rubuta game da yadda mutumin ya zama marubuci. Ya zan yi?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Tambaya ɗaya tak, don in fahimci matsalar da kyau: littafin nan na farko waƙe ne ko zube?

Mai Gadin Zaure:
Ɗan Auta, mun gane ka. Duk wanda ya fara kintacen waye mutumin nan zan goge saƙonsa. A tsaya a kan tambaya.

Tsohon Edita:
Hajiya, a bar kaza cikin gashinta. Marigayi shi ya zaɓi fitowa fili, ya buga littafi, ya nemi ƙuri'a, ya san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita fa me ta yi? Wasiƙa ta rubuta wa mutum ɗaya tana 'yar shekara ashirin. Ba ni ta rubuta wa ba, ba ke ba. Shekara talatin na yi ina tace rubutun mutane, kuma kafin in tambayi ko abu gaskiya ne, nakan tambayi wa zai kwana da shi bayan an buga. Marigayi ba zai kwana da shi ba. Ke yabo za ki sha, mai buga littafi ya ƙirga ribarsa. Tsohuwar ce za ta zauna ɗaki ɗaya da mijinta, littafin na kan tebur a tsakaninsu.

'Yar Jarida:
Baba Edita, da girmamawa, ban yarda ba. Duk lokacin da aka ce rufin asiri sai in tambaya: asirin wa? Ɗauki Charles Dickens, shahararren marubucin Ingila. A 1857 yana da shekara 45 ya haɗu da wata 'yar wasan kwaikwayo, Ellen Ternan, tana da 18. Shekara na zagayowa ya rabu da matarsa Catherine, wadda ta haifa masa 'ya'ya goma, har ya fito a jarida yana wanke kansa. Ya ci gaba da hulɗa da Ellen a ɓoye har ya mutu a 1870. Amininsa John Forster ya rubuta tarihinsa mujalladi uku tsakanin 1872 da 1874, kuma in ba cikin wasiyyar da aka liƙa a ƙarshe ba, inda ya bar mata fam 1,000, ba za ka ga Ellen ba. Wa shirun nan ya amfana? Dickens, wanda ya ci gaba da zama gwanin koyar da zaman iyali a idon masu karatu. Catherine aka bari da tambarin macen da ta kasa riƙe miji. Ellen kuwa aka shafe ta kamar ba a yi ta ba, sai a 1990 Claire Tomalin ta rubuta littafi sukutum a kanta.

Wannan baiwar Allah ta raɗa wa littafi suna, shekara hamsin ana yaba wa namiji, yanzu kuma a ce don mutuncinta za a binne aikinta? Mutuncin wa?

Tsohon Edita:
'Yata, rabin labarin kika kawo. Ellen da kanta ta so a manta. A 1876 ta yi aure, ta zabtare fiye da shekara goma daga shekarunta, ta haifi 'ya'ya biyu, ta rene su ba su san komai ba har ta mutu a 1914. Tomalin ta rubuta nata littafin shekara 76 bayan an binne ta. Tamu tsohuwar tana numfashi, wataƙila yanzu haka jika take wa wasa.

Barista:
Bari in sa baki kafin a yi nisa, don akwai abin da kuka tsallake duka. Malama, wasiƙun nan ba na 'ya'yan marigayi ba ne yadda suke zato. A dokar yawancin ƙasashe takardar ta wanda aka aika wa ce, ita magada suka gada. Kalmomin da ke ciki kuwa, haƙƙin mallakarsu na wanda ya rubuta ne. Akwati nasu, magana tata. Ko duk 'ya'yan sun sa hannu ba ki da ikon kwafo wasiƙunta ki buga sai da izininta.

An yi irin haka a Amurka. Ian Hamilton ya rubuta tarihin J. D. Salinger, marubucin nan mai gudun jama'a, ya samo tsofaffin wasiƙunsa a ɗakunan karatu na jami'o'i. Salinger ya kai ƙara, a 1987 kotun ɗaukaka ƙara ta hana a buga, har da wuraren da Hamilton ya sake wa maganar riga amma ya bi sawun asalin kusa-kusa. Dole ya sake littafin. Abin da doka ba ta kulle ba shi ne labarin da ke cikin wasiƙa. Kina iya cewa wance ce ta raɗa sunan littafi, don abin da ya faru ba mallakar kowa ba ne.

Sai ɓata suna. A tsarin Ingila da ƙasashen da suka gaji dokarta, mamaci ba ya ƙarar ɓata suna, magada ma ba sa yi a madadinsa. Shi ya sa marubuta ke sakin jiki da matattu. Rayayye kuwa yana yi. In kika jera wasiƙu ukun nan yadda mai karatu zai fahimci an ci amanar aure, alhali ba ki da hujja, kin jawo wa kanki ko da ba ki furta kalmar ba. Faransa ta ma fi tsanani: tun 1970 suka sa haƙƙin sirrin rayuwa a sashe na 9 na kundin dokokinsu na hulɗar jama'a, kuma a can cewa "ai gaskiya ce" ba ta fid da kai. Ki dai nemi lauyanki ya duba yarjejeniyar da kika yi da iyalan, kada a ce na yi aiki a zaure.

Uwar Littattafai:
Barista, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni duk tunanina izinin 'ya'yan.

Almajirin Ilimi:
Ni ba malami ba ne, amma ga abin da muka karanta. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta jera abu uku: mummunan zato, bin diddigin asirin mutane, da giba. Kuma giba ba ƙarya ba ce. Annabi (SAW) ya bayyana cewa in abin da ka faɗa yana tare da mutum ka yi gibarsa, in babu ka yi masa ƙage. Akwai hadisin Muslim da ya sa mai yaɗa sirrin da ke tsakaninsa da iyalinsa cikin mafi sharrin mutane, da na Bukhari da ya hana zagin matattu.

Amma kada a ɗauka magabata ba su san wannan tsaka mai wuyar ba. Su ne suka cika duniya da littattafan tarihin mutane. Malaman hadisi sun rubuta wane maƙaryaci ne, wane ya rikice da ya tsufa, da sunansa da na ubansa, saboda addini ya dogara da sanin hakan. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da kai kukan zalunci da gargaɗin jama'a. Sakhawi, wanda ya rasu a 1497, littafi guda ya rubuta yana mayar da martani ga masu kushe ilimin tarihi, kuma cikin zarginsu har da cewa giba ce. Ma'auninsu dai buƙata: ka faɗi gwargwadon abin da maslaha ta nema, ka tsaya nan.

Abin da nake so Malama ta lura, abu biyu ne a cakuɗe cikin akwatin nan. Gyaran littafi da raɗa masa suna ba aibi ba ne, falala ce, ɓoye ta ma tauye haƙƙi ne. Uku na ƙarshe kuwa ban ga abin da mai karatu zai ƙaru da shi ba sai daɗin leƙe.

'Yar Jarida:
Ustaz, ka fi ba ni gaskiya fiye da yadda na zata. Amma wa ke yanke abin da ake kira maslaha? A tarihi mai ƙarfi ne. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya haifi 'ya'ya da baiwarsa Sally Hemings. Ɗanta Madison ya faɗa da bakinsa a wata jarida a 1873. Manyan marubutan tarihin Jefferson suka yi fiye da shekara ɗari suna cewa tsegumi ne, mutum mai daraja irinsa ba zai yi ba. Sai da Annette Gordon-Reed ta fito da littafinta a 1997 ta nuna yadda aka riƙa gaskata farare ana ƙaryata baƙaƙe a kan hujja iri ɗaya, aka yi gwajin ƙwayoyin halitta a 1998, sannan aka fara sauke kai. Ban ma yarda a kira ta masoyiyarsa ba, wadda aka mallaka ba ta da bakin cewa a'a. Su ma waɗancan marubutan kunya da kawaici suke kira abin da suka yi.

Tsohon Edita:
A nan ba mu da faɗa. Akwai inda ni ma zan buga ban nemi izinin kowa ba. François Mitterrand ya mulki Faransa daga 1981 zuwa 1995 yana da iyali na biyu a ɓoye, Anne Pingeot da 'yarsu Mazarine da aka haifa a 1974. 'Yan jaridar Faris da yawa sun sani, suka yi gum har mujallar Paris Match ta buga hoton yarinyar a 1994. To amma a gidan gwamnati aka ajiye su, jami'an tsaron gwamnati ke gadinsu, har aka riƙa satar sauraron wayar mutane, ciki da wani marubuci da ya yi barazanar fallasawa. Da zarar an sa dukiyar jama'a da ƙarfin hukuma gadin sirri, ya tashi daga sirri.

Amma ki dubi yadda ta ƙare. Wasiƙun da Mitterrand ya rubuta wa Anne, sama da 1,200, wa ya fito da su? Ita da kanta, a 2016, shekara ashirin bayan mutuwarsa, kuma bayan matarsa Danielle ta rasu. Ita ta zaɓi lokaci. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Marigayin Hajiya bai ci kuɗin kowa don ɓoye wannan matar ba, bai zalunce ta ba, ba a ƙaryata wani ɗa ba. Ina haɗin?

Ɗan Auta:
To ni da gaske nake yanzu. Me zai hana Anti ta sauya mata suna kawai? Ta ce "wata ƙawarsa". Kowa ya huta.

Tsohon Edita:
Ɗana, sauya suna baƙo yake ɓatarwa, ba na gida ba. Mijinta zai gane a layin farko. Kuma ba ya daɗewa. Barack Obama a littafin rayuwarsa na 1995 ya faɗa tun a gabatarwa cewa ya sauya sunaye, ya kuma haɗe wasu mutane ya mai da su mutum ɗaya. Dabarar ta yi aiki lokacin da ba wanda ya damu da shi. Da ya zama shugaban ƙasa, David Maraniss a 2012 da David Garrow a 2017 suka bi sawu suka nemo matan da ya nema kafin Michelle, suka buga sunayensu. Ba zan rubuta sunayen a nan ba, kada in aikata abin da nake hanawa.

'Yar Jarida:
Baba, ka ƙara da cewa matan sun yi magana da marubutan da kansu, ɗaya ma ta ba da dayarinta, wato littafin da take rubuta al'amuran rayuwarta na yau da kullum. Ba fasa musu ɗaki aka yi ba.

Malamar Adabi:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Abin da ya tsaya min a rai, Malama, rabin hira ce a hannunki. Kina da abin da ta ce, ba ki da abin da ya ce. Wa ya fara rubutu bayan aure? Wataƙila ukun nan amsa ce ga goma da ya aika. In kika buga nata kaɗai, ita za ta fito a mai bin mijin wata, shi ya fito fes, don kawai shi ne mai ajiya.

Labarin mawaƙin Turanci T. S. Eliot da masoyiyarsa Emily Hale ke nan, sai dai a juye. Ya rubuta mata wasiƙu 1,131 cikin kusan shekara talatin. A 1956 ta miƙa su ga jami'ar Princeton da sharaɗin kada a buɗe sai shekara hamsin bayan mutuwar na ƙarshensu. A 1957 ya auri sakatariyarsa. Ya mutu a 1965, ita a 1969, aka buɗe ranar 2 ga Janairu 2020. To ashe ya shirya. Ya bar wata takarda a jami'ar Harvard da umarnin a fito da ita rana ɗaya da wasiƙun, inda yake cewa da ya aure ta da ta kashe mawaƙin da ke cikinsa, kuma ba ita yake so ba, tunanin wadda ya sani da ƙuruciya yake so. Nata wasiƙun da ta aika masa kuwa, ya sa an ƙone su. Mutum yana kabari shekara 55 amma ya tanadi yadda zai rufe mata baki. Da aka karanta nasa rubutun sai ya ƙaryata shi, don so ne ƙarara a ciki.

Duk da haka kulle na wa'adi hanya ce ta gaske, kuma ɗakunan adana takardu sun saba da ita. Ba sai an zaɓi tsakanin wuta da maɗaba'a ba. Ana iya ajiye ukun nan a ce sai bayan shekara kaza.

Sannan ki yi hattara da matsayinki na wadda iyali suka ɗauko. Mawaƙiya Sylvia Plath ta mutu a 1963, ba a riga an raba aurensu da Ted Hughes ba, sai ya zama mai iko da duk takardunta. Shi da bakinsa ya ce ya lalata dayarinta na ƙarshe don kada 'ya'yansu su karanta. Duk marubucin da ke son kwafo waƙoƙinta sai ya bi ta hannun dangin mutumin da zai rubuta a kansa. Janet Malcolm, da ta yi nazarin wannan dambarwa, ta kwatanta marubucin tarihin rayuwa da ɓarawon da ya fasa gida yana bincike a aljihun tebur. Na yarda da ita rabi. Wanda masu gida suka ba mabuɗi ma yana da tasa matsalar: ɗakin da suka nuna masa kaɗai yake shiga.

Baƙon Zaure:
Ban taɓa rubutu a nan ba, a yi min afuwa. Akwai tambayar da ban ga an yi ba: ta wace hanya abin ya zo hannu? A 2023 Jonny Steinberg ya fitar da littafi a kan auren Nelson da Winnie Mandela. Cikin abin da ya dogara da shi har da rubutattun hirarrakin da gwamnatin wariyar launin fata ta naɗa a ɓoye lokacin da iyali ke ziyartar Mandela a kurkuku, waɗanda ministan shari'a na lokacin, Kobie Coetsee, ya riƙe a hannunsa. Miji da mata suna faɗansu, azzalumi na saurare, bayan shekaru kuma mu muna karantawa. Na karanta, na ƙaru ƙwarai, don auren nan ba a raba shi da siyasar Afirka ta Kudu, kuma Winnie ba 'yar rakiya ba ce, jagora ce da ke da nata alhakin. Amma ban daina jin kamar na tsaya a bayan mai leƙen ba.

Wadda ta fi ba ni tausayi Evelyn Mase ce, matarsa ta farko, ma'aikaciyar jinya, da suka yi aure a 1944 suka rabu a 1958. Ita ba ta nemi siyasa ba. A yawancin littattafai sakin layi kaɗan take samu, a matsayin matar da addininta ya hana ta fahimtar gwagwarmaya. Sai da aka tono takardun kotu aka ga ta taɓa zarginsa da duka, shi kuma ya musanta. Tonon ne ya mayar mata da murya, kuma shi ne ya baje rayuwarta a kasuwa. Ban san yadda ake raba biyun ba.

Haka Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka. Kaset ɗin da hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta naɗa a ɗakunan otal, alƙali ya kulle su a 1977 har zuwa 2027. Hukumar da ta naɗa su so take ta rusa shi. Duk matar da muryarta ke ciki ba ta san ana naɗa ba.

Almajirin Ilimi:
Baƙo, barka da fitowa. A nan Malama ta fi su sauƙi, ba sata aka yi ba. Amma amana ce aka aika wa mutum ɗaya, mutuwarsa ba ta mai da ita ta kowa ba.

'Yar Jarida:
To ku duba abin da muke yi. Kwana biyu mu bakwai muna yanke wa mata hukunci, wannan ya ce a rufa mata, ni na ce a fito da ita, ba wanda ya ce a tambaye ta. Har da ni. Ba ta mutu ba, ba ta gigice ba. Anti, ki je ki same ta mana.

Tsohon Edita:
Zuwan ma tono ne. Wata tsohuwar in ka ƙwanƙwasa mata wannan ƙofar ka hana ta barcin wata guda. Amma na yarda ya fi a buga ba ta sani ba, ya kuma fi a shafe ta ba ta sani ba. In za ki je, kada ki bi ta hannun 'ya'yanta. Kada ki je da na'urar naɗar murya. Kuma ki shirya jin a'a, ki karɓe ta.

Barista:
In ta ce e, a rubuce.

Uwar Littattafai:
Na gode muku duka. Zan yi shiru kwana biyu.

Uwar Littattafai:
Salam. Na je. Ta hannun wata tsohuwar ƙawarta na aika, ta ce in zo da rana lokacin da gidan ba kowa. Na kai mata kwafin duka 64. Ta sa tabarau ta yi kusan awa biyu tana karantawa, ni ina zaune kamar wadda ta zo ɗaukar sakamakon jarrabawa. Wani wurin ta yi dariya, ta ce har ya mutu bai iya sa waƙafi a inda ya dace ba.

Ga abin da ta yanke. Sunan littafi da gyaran, ta ce in rubuta, da cikakken sunanta, ta gaji da jin ana yaba masa a rediyo a kan abin da ta yi a daren da ba ta yi barci ba. Neman auren, ta ce mijinta ya sani tun kafin ya aure ta, in rubuta layi biyu kada in yi masa ado. Da ta kai uku na ƙarshe ba ta karanta ba, ta kife su a cinya, ta ce na asalin take so a dawo mata da su. Na ce ba nawa ba ne, amma zan isar. Na tambayi nasa wasiƙun. Ta ce suna nan, kuma ba zan gani ba.

Ina shirin tashi ta ce, wa ya ɗaure su da zare? Ta ce mutumin da ta sani ko takardar shaidar karatunsa bai iya adanawa ba. Ban da amsa. Da na dawo na kira babban ɗan. Ya yi jim, ya ce akwatin a ɗakin mahaifiyarsa yake tun kafin rasuwar, ita ta miƙo masa ta ce a kai min, ita ce kuma ta ce takardun makaranta ne. Shi bai taɓa buɗewa ba sai da na gaya masa abin da ke ciki.

Malamar Adabi:
Ikon Allah. Wato 'ya'yan ke cewa a rufe don kare uwarsu, ita kuma uwar ce ta aiko.

Tsohon Edita:
Kada a yi saurin fassara. Wataƙila so take a rubuta. Wataƙila so take abin ya bar mata ɗaki kawai. Wataƙila kuma gwada ki take, Hajiya. Ba ɗa za ki aika ba, ki je da ƙafarki.

Barista:
Kuma ukun da ake so a mayar, takardar ta magada ce gaba ɗaya, ba ta babban ɗa shi kaɗai ba. Matar marigayin na cikinsu. Kada ki ɗauka ki kai da kanki don tausayi.

'Yar Jarida:
Anti, a cikin littafin naki shafi nawa matar tasa ta samu zuwa yanzu? Ba da gatse nake ba.

Uwar Littattafai:
Na ƙirga ɗazu. Huɗu da rabi, cikin ɗari uku, kuma biyu a kan jinyarsa ne. Sau uku na zauna da ita, duk tambayoyina a kansa ne.

Asabar zan je wurinta. Babi na huɗu dai, na wasiƙun, na janye shi daga wurin mai buga littafi, ya kira ni sau biyar yau ban ɗauka ba.